Ƙaryar Farashi Ce Ta Kashe Rajistar Bindiga a Kanada

A shekarar 1995 gwamnatin Kanada ta shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa za ta yi wa kowace bindiga da ke hannun farar hula rajista, kuma abin da zai fita daga baitulmali ba zai wuce dala miliyan 2 ba. Lissafin da aka kawo ba shi da wuyar ganewa. Aikin zai ci dala miliyan 119, masu bindigogi za su biya miliyan 117 na kuɗin lasisi da na rajista, gwamnati ta cike ragowar. Bayan shekara bakwai, a watan Disambar 2002, babbar mai binciken kuɗin gwamnati, Sheila Fraser, ta fito da rahoton da ya ce kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 2004 zuwa 2005 shirin zai haura dala biliyan 1, abin da za a tara daga hannun jama'a kuwa bai wuce wajen miliyan 140 ba. Duk lissafin nan da dalar Kanada ne.

Ni ina tare da masu cewa hukuma ta san wanda ke riƙe da makami a ƙasa, kuma ta iya hana wanda bai cancanta ba. Saboda haka ne ma labarin Kanada yake ba ni haushi. Waɗanda suka fi yi wa wannan manufa illa a ƙasar su ne masu ita, ranar da suka furta miliyan 2 a gaban majalisa. 'Yan adawa abin da aka miƙa musu kawai suka karɓa, suka yi shekara goma suna dukan gwamnati da shi.

Abin ya samo asali ne ranar 6 ga Disambar 1989. Wani matashi ɗan shekara 25 ya shiga makarantar koyon injiniyanci ta École Polytechnique a birnin Montreal da bindiga samfurin Ruger Mini-14, ya faɗa wani aji, ya ce maza su fita, ya buɗe wa mata wuta. Kafin ya kashe kansa ya hallaka mata 14. Bindigar ba ta sata ba ce, a shago ya saye ta da takardar izinin hukuma a hannunsa. Ɗaliban makarantar, cikinsu har da Heidi Rathjen, suka tara sa hannun mutum sama da rabin miliyan suna neman a tsaurara doka. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta lokacin ta ɗan taɓa a 1991. Da jam'iyyar Liberal ta hau mulki a 1993 ƙarƙashin Jean Chrétien, ministan shari'a Allan Rock ya kawo ƙudurin da ake kira C-68, aka sa masa hannu ya zama doka a Disambar 1995.

Akwai abu guda da masu jin labarin daga nesa kan rasa. Tun 1934 ake yi wa ƙananan bindigogin hannu rajista a Kanada, kuma ba wanda ya tayar da jijiyar wuya a kai. Rigimar duk a kan dogayen bindigogi ne, wato na farauta da na gona, waɗanda manomin lardin Saskatchewan ke korar dabbobin dawa da su daga garkensa, maharbin ƙabilar Inuit a can ƙuryar arewa kuma ke ciyar da iyalinsa da su. Sabuwar dokar ta ɗauko ayyuka biyu ta haɗa. Na farko lasisi ne a kan mutum: sai ka yi kwas na sanin yadda ake riƙe makami, a binciki tarihinka, a sanar da matarka ko tsohuwar matarka cewa kana neman izini, ka jira na wasu makonni, sannan duk bayan shekara biyar ka sabunta. Na biyu rajista ce a kan ƙarfen kansa: kowace bindiga da lambarta da samfurinta da sunan mai ita a cikin kundin gwamnati. An sa 1 ga Janairun 2001 a matsayin wa'adin lasisi, 1 ga Janairun 2003 kuma wa'adin rajista.

Yadda kuɗin ya kumbura ba wani abin al'ajabi ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin aikin gwamnati. An ɗauka mutane za su cike takardu daidai, sai mafi yawan takardun suka riƙa zuwa da kuskure ko giɓi, dole ma'aikaci ya bi kowace ɗaya da waya ko wasiƙa. Tsofaffin bindigogi da yawa da aka gada kaka da kakanni ba su ma da lamba a jikinsu. Tsarin kwamfutar da aka gina ya ci sama da dala miliyan 200, aka yi ta yi masa kwaskwarima, daga baya aka ba da kwangilar wani sabo, shi ma aka watsar da shi bai yi aiki ba. Lardunan yamma irin su Alberta da Saskatchewan da Manitoba suka ce ba za su sa hannu a aikin ba, tarayya ta ɗauki nauyin da ta yi tsammanin za a raba da ita. Alberta har ta kai ƙara, kotun ƙoli ta yanke hukunci a shekarar 2000 cewa dokar tana kan ƙa'ida, amma an riga an ɓata lokaci da kuɗi. Sannan da gwamnati ta ga mutane suna jan ƙafa, sai ta riƙa rage kuɗin rajista tana yafewa don ta jawo su, wato ta toshe ƙofar da ta ce miliyan 117 za ta shigo ta cikinta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya yi masa uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne ɓoyewar. Ma'aikatar shari'a ta san tun da wuri cewa lissafin ya ɓaci, amma maimakon ta koma majalisa ta ce ga gaskiyar magana, sai ta riƙa karɓar kuɗin kaɗan-kaɗan ta hanyar ƙarin kasafi, inda 'yan majalisa ba su cika sa ido ba. Fraser da kanta ta ce abin da ya fi damunta ya wuce batun bindiga, ya wuce ma yawan kuɗin, shi ne an bar majalisa cikin duhu. Da ta dawo da wani rahoton a 2006 ta sake samun cewa an yi wasa da yadda aka rubuta wasu kuɗaɗen sabon tsarin kwamfutar a littafin gwamnati. Wani ɗan majalisa daga Saskatchewan, Garry Breitkreuz, ya shafe shekaru yana tono takardun shirin ɗaya bayan ɗaya ta dokar 'yancin samun bayanai, ana yi masa kallon mai neman rigima. Ba na tare da shi a ra'ayinsa kan bindiga, amma a kan kuɗi shi ne da gaskiya, kuma ya riga kowa faɗa.

Na tabbata da a ce Allan Rock ya tashi a 1995 ya ce, jama'a, wannan aiki zai ci ɗaruruwan miliyoyi cikin shekara goma kuma ga abin da za mu samu, da an yi ce-ce-ku-ce, amma da dokar ta wuce. Jam'iyyarsa ke da rinjaye, jinin 'yan matan Montreal bai bushe a zukatan mutane ba, birane kuma suna bayansa. Ya zaɓi lamba mai daɗin ji. Daga ranar da Fraser ta yi magana, duk wata hujja ta kare rayuka sai ta fara wucewa ta kan tambaya ɗaya: ku da kuka ce miliyan 2, don me za mu yarda da ku a kan sauran?

To amma su ma ɗaya ɓangaren ba su fita da hannu mai tsabta ba. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Stephen Harper ta mayar da wannan biliyan ɗin takenta, a kowane zaɓe da kowace wasiƙar neman gudummawa: rajistar dogayen bindigogi ta cinye biliyan. Wannan ba daidai ba ne, kuma sun sani. Biliyan ɗin kuɗin shirin ne gaba ɗayansa, har da bai wa mutum kusan miliyan biyu lasisi, da bincikensu, da kwasa-kwasai, da ma'aikatan cibiyar da ke Miramichi a lardin New Brunswick. Kaso mai tsoka ya tafi ne a kan lasisi, wanda su kansu ba su taɓa cewa za su soke ba. Kuma a lokacin da suka karɓi mulki a 2006 an riga an kashe kuɗin, ba abin da zai dawo da shi. Tambayar da ta rage ita ce nawa ake kashewa duk shekara wajen riƙe kundin dogayen bindigogin. 'Yan sandan tarayya na RCMP, waɗanda aka miƙa wa shirin a 2006, sun auna a wani rahoto da ya fito a 2010, suka ce abin da za a tsimi in an soke shi bai kai dala miliyan 4 a shekara ba. Abin ya zama kamar mutumin da magini ya cuce shi wajen ginin ɗaki, bayan an gama an yi rufi sai ya sa a rushe ɗakin don ya huce.

Gwamnatin Harper ta fara ne da yi wa waɗanda ba su yi rajista ba afuwa, tana sabunta afuwar shekara bayan shekara, kundin yana ƙara lalacewa saboda ba wanda ke tsoron ƙin sabunta bayanansa. A watan Satumbar 2010 wata 'yar majalisa daga Manitoba, Candice Hoeppner, ta kusa kai ƙudurin sokewa ga nasara, ya faɗi da ƙuri'a 153 da 151. Ranar ta nuna inda tsagar take. Jam'iyyar NDP ta Jack Layton, wadda ake gani ta masu sassaucin ra'ayi ce, ta rabu biyu, domin 'yan majalisarta na karkara da na arewa sun san abin da ke jiransu a gida. Rigimar birni da ƙauye ce fiye da ta jam'iyya da jam'iyya. Mutumin Toronto in ya ji an ce bindiga, gawar yaro a bakin titi yake gani. Mutumin karkara kuwa abin da ya gani shi ne doka da ta ce in takardarsa ta ƙare bai sabunta ba ya zama mai laifin da za a iya ɗaurewa, alhali bai taɓa nuna wa kowa bakin bindiga ba. Sanya wannan a cikin kundin manyan laifuka kuskure ne babba, tara ta isa. Da Harper ya samu cikakken rinjaye a 2011 magana ta ƙare, aka soke rajistar a watan Afrilun 2012.

Shin rajistar ta ceci rayuka? A nan ne nake rabuwa da abokan ra'ayina. Kisan kai da dogayen bindigogi ya ragu a Kanada, haka ma kisan mata a hannun mazajensu da irin waɗannan bindigogi. Sai dai raguwar ta faro tun shekarun 1970, kuma lasisi da rajista da dokar kulle makami a gida duk kusan lokaci guda suka zo, don haka masu bincike sun rabu a kan wanne ne ya yi aikin. Mafi yawan waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar kansu suke kashewa, kuma abin da ke tsayawa tsakanin mai ƙuncin rai da makami shi ne binciken da aka yi masa kafin a ba shi izini da makullin da ke jikin akwati. Lambar da ke cikin kwamfutar gwamnati ba ta tsayawa a wurin. Wanda ya kai hari kwalejin Dawson a Montreal a 2006 bindigoginsa duk suna da rajista. 'Yan daban birane kuwa ƙananan bindigogi suke amfani da su, da yawansu an yi fasa-ƙwaurinsu ne daga Amurka. Ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta riƙa cewa ana duba kundin sau dubbai a rana, masu suka suka amsa cewa da yawa daga cikin dubawar kwamfuta ce ke yi da kanta duk sanda aka buga sunan mutum, kuma akwai gaskiya a maganarsu.

Amfanin rajistar ƙarami ne amma na gaske ne, kuma a wuri biyu yake. In kotu ta ce a ƙwace makaman mutumin da ke dukan matarsa, ɗan sanda ya san guda nawa zai nema, ba sai abin da mutumin ya ga dama ya miƙo ba. In kuma an tsinci bindiga a wurin da aka yi kisa, ana iya bin sawunta. A Mayerthorpe da ke Alberta, inda aka kashe 'yan sanda huɗu a 2005, wata bindiga mai rajista da aka samu a wurin tana cikin abin da ya kai masu bincike ga waɗanda suka taimaki maharin. Wannan amfani bai kai biliyan ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ya kai. Amma ya fi ƙarfin miliyan 4 a shekara nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi sokewar muni shi ne abin da aka yi da bayanan. Dokar 2012 ta ba da umarnin a goge kundin ƙurmus, bayanan bindigogi sama da miliyan 5 aka share kafin shekarar ta ƙare. Lardin Quebec, inda aka yi kisan 1989, ya ce a ba shi nasa kason ya ci gaba da kansa tunda da harajin mutanensa aka tara. Tarayya ta ƙi. Aka je kotun ƙoli, a watan Maris na 2015 alƙalai biyar suka goyi bayan tarayya, huɗu suka saɓa, aka goge na Quebec ɗin ma. Gwamnatin da ta yi shekaru tana kukan ɓarnar kuɗin jama'a ita ce ta tilasta wa wani lardi ya sake biyan kuɗin abin da aka riga aka biya. Quebec ta gina tata rajistar daga tushe a kan kusan dala miliyan 20, ba ta karɓar ko sisi daga mai bindiga, ta kuma fara aiki ranar 29 ga Janairun 2018, shekara ɗaya cif da harin da aka kai masallacin birnin Quebec inda aka kashe masallata shida. Wannan kaɗai ya nuna ana iya yin aikin ba tare da an zubar da biliyan ba, in an san abin da ake ginawa. Har dokar da ta wajabta wa shagunan bindiga rubuta wanda suka sayar wa, wadda ta girmi rajistar da shekaru, an janye ta, sai gwamnatin Justin Trudeau ce ta dawo da ita daga baya.

New Zealand ta bi hanyar a juye. A 1983 ta watsar da rajistar dogayen bindigogi saboda kundin ya cika da kurakurai, ta tsaya a kan lasisin mutum kaɗai. Bayan an kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch a watan Maris na 2019, hukuma ta tashi karɓe bindigogin da ta haramta, sai ta tarar ba ta san guda nawa ne a ƙasar ba. A 2023 ta sake buɗe rajista. Wannan ya sa ba na yarda da masu cewa lasisi kaɗai ya wadatar, duk da ina ganin shi ne ginshiƙin.

Mu a nan Najeriya muhawararmu ba ta ma kai ga batun farashi ba. Dokar makamai da muke aiki da ita ta 1959 ce, ta raba izini tsakanin shugaban ƙasa da sufeto-janar na 'yan sanda da kwamishinonin jihohi, su na ƙarshen a kan irin su harba-ka-ruga. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, za a raba fom ta masarautu, hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin. An yi ta gardama a kan ko ya halatta ko bai halatta ba. Ban ji an tsaya a kan wa zai tantance masu nema, wa zai riƙe kundin, nawa zai ci, daga wane aljihu zai fito ba. Kuma kafin a kai ga kundin talakawa, akwai na hukuma. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya da ya fito fili a farkon 2022 ya ce zuwa Disambar 2018 makamai 178,459 ba a san inda suke ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da alƙaluman. Ko da rabin rabinsu ne gaskiya, hukumar da za ta ce wa mafarauci ya kawo tasa a rubuta sai ta fara nuna masa littafin nata.

Ita kuwa Kanada ba ta daddara ba. A watan Afrilun 2020 wani mutum ya kashe mutane 22 a lardin Nova Scotia. Ba shi da lasisi, kuma mafi yawan bindigoginsa daga Amurka aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya. Ranar 1 ga Mayu Trudeau ya haramta samfurin bindigogi kusan 1,500, har da Ruger Mini-14 ɗin Montreal, ya yi alkawarin gwamnati za ta saye su daga hannun masu su. Guda nawa ne a ƙasar? Ba a sani ba, domin da yawansu suna cikin kundin da aka goge a 2012. Shi ya sa da ofishin majalisa mai lissafin kasafi ya zo ƙiyasta kuɗin diyya a 2021, sai ya ba da lamba daga dala miliyan 47 har zuwa miliyan 756, kuma bai haɗa da kuɗin gudanarwa ba, wanda shi ne ya ci rajistar farko. Alberta da Saskatchewan suka sake cewa ba da su ba. Aka yi afuwa, aka tsawaita ta, aka sake tsawaitawa. Zuwa 2024 an kashe sama da dala miliyan 60 a kan shirin ba a karɓi bindiga ko ɗaya daga hannun ɗaiɗaikun mutane ba.